Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Nazari Kan Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa a Dutse da Tsakiyar Jigawa

Gabatarwa

Masana sun daɗe da gano cewa a biranen gaɓar teku, kamar Legas, in aka cika zuƙar ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, ruwan gishiri yakan kutsa ya maye gurbinsa. Jigawa dai ba ta da teku, amma darasin ɗaya ne: yadda aka sarrafa ruwan sama da na kogi, haka ruwan rijiya zai kasance. Wannan maƙala za ta duba lamarin ta fuska biyu, wato zurfin ruwa da kyawunsa.

Yanayin Ƙasa

Dutse na zaune ne kusa da inda tsohon dutsen da ke shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasar Kano ya haɗu da rairayin kwarin Tafkin Chadi. A wuri mai dutse, ruwa yakan taru ne a tsage-tsage da ruɓaɓɓen dutse kaɗai, shi ya sa haƙa rijiya ke da wuya. Amma a wajejen Ringim da Jahun da Miga, rairayi ne ke shanye ruwa ya adana shi, kuma ambaliyar Kogin Haɗeja na cikin abin da ke cika wannan ma'adana.

Zurfin Ruwa

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuwa a 1992. Sun samar wa Kano ruwan sha da noman rani, amma sun rage ambaliyar damina da ke malala cikin fadamu ta nutse ƙasa. Bugu da ƙari, ruwan da ake saki da rani ya ba kachalla damar toshe hanyoyin kogi, har wasu wurare suka nutse, wasu suka bushe. Farin 1973 da na 1984 sun tsananta al'amarin. Daga shekarun 1980 kuma, rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa suka yaɗu a fadamu, sannan Dutse ta zama hedikwatar jiha a 1991, jama'a suka ƙaru. Ke nan abin da ke shiga ƙasa ya ragu, abin da ake ɗiba ya ƙaru.

Kyawun Ruwa

Hanyoyi uku ne ruwa ke ɓaci. Na farko, takin zamani da maganin feshi sukan bi ruwa su sauka cikin rijiyoyi marasa zurfi. Na biyu, masai da aka haƙa kusa da rijiya yakan tsiyaya cikinta, musamman a rairayi, ya jawo amai da gudawa. Na uku, inda ruwa ya kwanta ba magudana, rana takan ƙafar da shi, ta bar kanwa da gishiri su kashe gona.

Kammalawa

Ya kamata Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙa sakin ruwa daidai da lokacin ambaliya, a riƙa auna zurfin rijiyoyi duk shekara, a kuma nisanta masai da rijiya. Mu kuwa ɗaliban harshe, aikinmu shi ne tattara kalmomi da sanin da mahaƙa rijiya da manoman fadama suka gada, domin a isar da wannan ilimi ga jama'a cikin harshensu. Hausawa dai sun ce, rigakafi ya fi magani.