Amsoshin Tambayoyinku: Ƙwayoyin Dalma da Hasken Rana

Wasiƙarmu ta yau ta fito daga Malama Hadiza, ɗaliba a unguwar Mabera, birnin Sakkwato. Tana tambaya: yaya ake haɗa ƙananan ƙwayoyin gishirin ƙarfe masu nauyi, kuma yaya ake gane su?

To Malama Hadiza, mun gode. Ƙarfe mai nauyi, kamar dalma, idan ya haɗu da aidin, sai ya zama gishiri. A ɗakin gwaji, ana zuba ruwan gishirin dalma cikin ruwan gishirin aidin, ruwa biyu garai-garai, nan take sai ki ga gari rawaya kamar kurkum yana sauka ƙasan kwalba. Gwanintar ita ce a hana ƙwayoyin girma: a zuba a hankali, a kula da zafi, a sa sinadarin da ke lulluɓe su. Ƙwayoyin nan, Malama, dubbansu sai su jeru a faɗin gashi ɗaya.

Ido ba ya ganinsu. Hasken eksire ke nuna tsarinsu, madubin lantarki kuma ya nuna girmansu.

Amfaninsu? Tun 2009, masana a Japan suka fara sarrafa irin wannan gishiri don mayar da hasken rana lantarki, abin da ya shafi gari mai rana kamar Sakkwato, inda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke da cibiyar binciken makamashi.

Amma dalma guba ce. Gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Don Allah, kada ki gwada wannan a gida, sai a ɗakin gwaji, gaban malaminki.