Hali Zanen Dutse

In kun je Birnin Kudu, za a nuna muku Dutsen Habude da Dutsen Mesa. A jikinsu akwai zanen shanu wanda mutanen dā suka yi. Shekaru aru-aru sun shuɗe, amma zanen yana nan. Wannan yakan tuna mana da karin maganar nan, hali zanen dutse.

To, amma ku sani, ba rana ɗaya ake zana hali ba. Kaɗan kaɗan ake yinsa, tun daga goyo har tsufa.

Kowane jariri da irin tasa ɗabi'a yake zuwa duniya. Wani mai rigima ne, wani kuwa shiru-shiru. Daga nan sai ya shiga kwaikwayon iyayensa. In ya ga gaskiya a gida, gaskiya zai ɗauka. Da ya shiga makaranta, sai malamai da abokai su ƙara nasu zanen. Shi ya sa aka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Lokacin samartaka akwai zafin kai da gaggawa. Amma in mutum ya yi iyali, nauyi ya hau kansa, yakan koyi haƙuri da cika alkawari. Masana sun lura cewa yawancin mutane suna ƙara natsuwa yayin da suke manyanta, halinsu kuma yana ƙara kafuwa. Tsoho yana iya sāke hali, sai dai da wuya.

Ku dubi marigayi Sarkin Dutse, Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi. An haife shi a 1945. Ya yi ta neman ilmi har Jami'ar Ohio ta Amurka. Bai hau gadon sarauta ba sai a 1995, yana da shekara 50, ya riƙe ta har rasuwarsa a 2023. An san shi da son dashen itatuwa, aikin da ba ya yiwuwa sai da haƙuri.

Saboda haka, yara, abin da kuke yi kullum, shi kuke zanawa. Wanda ya saba da ƙarya yau, zai sha wuyar kankare ta gobe.

Tambayoyi

1. Su wa ke fara zana halin yaro?
2. Me ya sa gyaran hali ya fi sauƙi a ƙuruciya?
3. Wane hali kake so a san ka da shi in ka tsufa?