Darasin Kimiyya: Wa Ke Cin Wa a Lambun Gida?

Duk wanda ya taɓa kwana a zangon Kumasi ko Nima ya ga yadda tsaka ke laɓewa kusa da fitila tana dakon ƙwari. To, irin wannan farauta na gudana a ɗan lambun gidajenmu na nan Ingila. Darɓa na tsotse ruwan ganye, jar buzuzuwa mai ɗigon baƙi na cin darɓa, tsuntsu na ɗauke tsutsa, bushiya kuma ta fito da dare neman ƙwari da katantanwa. Tambayar darasinmu ita ce: me ke sa a cinye wani, wani ya tsira? Garuruwanmu biyu, Manchester da Birmingham, sun ba duniya amsa.

Akwai wani malam-buɗe-littafi na dare, fari mai ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa masoro. Da rana yakan lafe a jikin itace mai farar gansakuka, tsuntsu ya wuce bai gan shi ba. A 1848 wani mai tara ƙwari, R. S. Edleston, ya samu baƙinsa a Manchester, abin da ba a saba gani ba. Kafin 1895, kusan 98 cikin 100 na waɗanda ke birnin baƙaƙe ne. Dalili kuwa, hayaƙin kwal na masaƙun auduga ya kashe gansakuka ya baƙanta itatuwa. Mu lura: ba hayaƙi ne ya rina ƙwaron ba. Baƙin gadon launinsa ya yi, kuma da yake shi ke tsira, 'ya'yansa suka yawaita.

A 1953 Dakta Bernard Kettlewell ya gwada wannan bayani a wani daji kusa da Birmingham. Ya sa wa ƙwarin alamar fenti a ƙarƙashin fiffike ya sake su, sannan ya kafa musu tarko da dare. Ya sake kama kimanin 27 cikin 100 na baƙaƙen, amma 13 kacal na fararen. A 1955 ya maimaita a Dorset inda iska ke da tsabta, sai reshe ya juye da mujiya: farare suka fi tsira.

Daga baya wasu suka soki tsarin gwajin. Sai Farfesa Michael Majerus ya sake shi a lambun gidansa kusa da Cambridge, daga 2001 zuwa 2007, da ƙwari 4,864, yana kallon tsuntsaye suna ɗauka. A lokacin dokar tsabtace iska ta 1956 ta daɗe da yin aikinta, itatuwa sun washe, don haka baƙaƙen ne tsuntsaye suka fi ci. Ya rasu a 2009, abokan aikinsa suka buga sakamakon a 2012. Yau baƙin ya yi ƙaranci har a Manchester.

Abin koyo a nan shi ne, hannun ɗan'adam na sauya rabon mai ci da wanda ake ci. Masu masaƙa ba su yi nufin taɓa wani ƙwaro ba, amma hayaƙinsu ya taɓa shi. Haka mu ma, in mun fesa wa lambu maganin ƙwari, mukan kashe darɓa tare da mai cinta. Da yake darɓa ta fi saurin haihuwa, ita za ta riga dawowa, ta tarar babu mai tsare mata hanya, alayyafon Mama ya tafi a banza.

Saboda haka mu rage feshi, mu bar tarin busassun ganye a lungu, mu ajiye ruwa a faranti, mu buɗe wa bushiya ƙofa mai faɗin santimita 13 a gindin shinge.

Aikin gida: kowa ya zaɓi tsiro ɗaya, ya dube shi minti 10 kullum har mako guda, ya rubuta wa ya ci wa, da wanda ya ɓuya da yadda ya ɓuya. A kawo littafin ranar haɗuwarmu mu tattauna. Wassalam.