ALOHA: Yadda Na'urori Ke Raba Zangon Rediyo Guda

Jihar Hawai ta ƙasar Amurka tarin tsibirai ce a tsakiyar tekun Fasifik, rassan jami'arta kuma suna warwatse a kansu. A ƙarshen shekarun 1960 babbar kwamfutar jami'ar tana harabar Manoa, a tsibirin Oahu. Wanda ke nesa, in yana son aiki da ita, sai ta wayar tarho, mai tsada, wadda kuma ba don wannan aiki aka shimfiɗa ta ba.

A shekarar 1968 Farfesa Norman Abramson da abokin aikinsa Franklin Kuo suka soma binciken haɗa na'urorin ta rediyo. Wahalar ita ce, zangon aikawa ɗaya ne, masu buƙata kuwa da yawa. In an yanka wa kowa rabonsa na lokaci an yi asara, domin mai aiki da kwamfuta yakan aika saƙo cikin ƙiftawar ido, sa'an nan ya daɗe yana tunani.

Dabarar da suka fito da ita sai ka ce ganganci. Kowace na'ura ta aika ƙunshin saƙonta duk sa'ad da ta shirya, ba neman izini. In ya isa lafiya, babbar tasha ta mayar da amsa. In biyu suka aika tare, saƙonnin su yi karo su lalace, amsa ba ta zuwa, sai kowace ta dakata ta sake. Mai karatu ya lura da wannan: tsawon dakatawar cankensa ake yi, domin in suka jira daidai wa daida, za su yi ta gwabzawa ba iyaka.

Tsarin, wanda aka laƙaba wa suna ALOHA, ya fara aiki a 1971. Lissafi ya nuna iyakar abin da ake mora kashi 18 ne cikin 100 na ƙarfin zangon, saboda saƙo na iya karo da wanda ya riga shi da wanda ya biyo shi. A 1972 Lawrence Roberts ya nuna cewa in aka gutsuttsura lokaci gida-gida, kowa ya fara aikawa a farkon gida kaɗai, damar karo ta ragu da rabi, moriya ta kai kashi 37.

Robert Metcalfe ya ɗora a kan wannan aiki a 1973 ya ƙirƙiro Ethernet, inda na'ura ke saurarawa kafin ta aika. Wayar salula ma, in za ta nemi layi daga turken sadarwa, irin wannan canke take yi.