Yadda Saƙonnin Garkuwar Jiki Ke Sarrafa Ƙwayoyin Treg

Garkuwar jiki kamar manhajar tsaro ce a waya: aikinta farautar ƙwayoyin cuta. Amma wani lokaci takan rikice ta afka wa jikin da take karewa, kamar yadda ake gani a cutar lupus da ciwon gaɓoɓi na rumatoyid.

Masu taka mata birki su ne ƙwayoyin Treg, waɗanda Shimon Sakaguchi na Japan ya gano a 1995. Binciken ya kai shi ga kyautar Nobel ta 2025 tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell.

Ƙwayoyin garkuwa na tura wa juna umarni ta sinadaran da ake kira saitokin. Uku ne kan gaba a nan:

IL-2: shi ke raya Treg, idan ya yi ƙaranci, sai su raunana.

TGF-beta: yana kunna FOXP3, wanda ke mayar da sabuwar ƙwayar T ta zama Treg.

IL-6: idan ya haɗu da TGF-beta, ƙwayar sai ta zama Th17 mai rura kumburi.

Ke nan saƙon da ƙwaya ta samu ne ke yanke aikinta. Shi ya sa maganin tocilizumab, mai toshe hanyar IL-6, ke sassauta ciwon rumatoyid.