Tsuntsun Da Ya Fi Kowane Tsuntsu Ƙanƙanta

Kowa ya san jimina ita ce babbar tsuntsuwa a duniya. To, amma in aka ce wane ne autan tsuntsaye, watau wanda ya fi kowa ƙanƙanta, ba kowa zai iya ba da amsa ba. Wannan tsuntsu yana zaune ne a dazuzzukan Kyuba, wani tsibiri mai zafi da ke cikin Tekun Karibiyan, kudu da Amurka, kuma ba a samunsa a ko'ina sai can. Mutanen ƙasar suna kiransa zunzuncito, Turawan Ingila kuwa suka laƙaba masa sunan ƙudan zuma, domin in yana shawagi cikin furanni sai a zaci ƙudan zuma ne. Wani Bajamushe masanin halittu mai suna Gundlach shi ya gano shi a shekarar 1844.

Tsawon namijin, tun daga tsinin baki har wutsiya, bai kai santimita 6 ba, watau kamar ƙaramin yatsan hannu. Nauyinsa kuwa wajen giram 2 ne, har ƙwayar sukari guda da ake jefawa a shayi ta fi shi nauyi. Macen ta ɗan fi namijin girma. Lokacin barbara kan namijin da wuyansa sukan yi ja wur suna ƙyalli, bayansa kuma shuɗi. Ita macen bayanta kore-kore ne, cikinta fari-fari.

Hausawa sun ce, raina kama ka ga gayya. Wannan ɗan mitsitsin tsuntsu yakan kaɗa fukafukansa kamar sau 80 cikin daƙiƙa ɗaya, har ido ba ya iya ganinsu, sai dai a ji ƙugi. Yana iya tsayawa cak a iska, ya yi sama, ya yi ƙasa, har ma ya tashi da baya. Haka yake tsayawa gaban fure, ya zura dogon bakinsa mai kama da allura, ya lashe ruwan zaƙin da ke ciki da harshensa. Yakan haɗa da ƙananan ƙwari da gizo-gizo.

Amma fa ƙanƙanta tana da wahalarta. Mun san kunun da ke cikin ƙaramin kofi ya fi na cikin tukunya saurin hucewa. To, haka jikin wannan tsuntsu yake, zafinsa yana saurin fita, ga kuma ƙarfin da kaɗa fukafukai yake ci. Saboda haka tilas ya wuni yana neman abinci, har yakan ziyarci fure sama da 1,000 a yini guda. Da dare kuwa, da yake ba halin kiwo, tsuntsayen wannan dangi suna da wata dabara: sai su yi barci mai nauyi kamar suma, zafin jiki ya ragu, bugun zuciya ya yi sanyi, don kada yunwa ta kashe su kafin gari ya waye.

Su ma furanni suna cin moriyarsa, domin in ya zura baki a wannan, garin furen yakan manne masa a kai, ya kai wa na gaba. Da haka itatuwa suke samun yin 'ya'ya.

Tsakanin watan Maris da Yuni ne suke hayayyafa. Macen ita kaɗai take saƙa sheƙa da saƙar gizo-gizo da ɓawon itace da gansakuka, faɗinta bai wuce na murfin kwalba ba. Takan saka ƙwai biyu, kowanne kamar ƙwayar wake, ta kwanta a kansu wajen mako uku, sa'an nan ta ciyar da 'ya'yan ba tare da taimakon namijin ba.

Abin baƙin ciki shi ne tsuntsun yana raguwa. A da akasarin tsibirin Kyuba daji ne, amma aka sare shi don noman rake da taba da kiwon shanu. Yanzu sai a 'yan wurare ake ganinsa, kamar fadamar Zapata, har ƙungiyar IUCN mai kula da halittun duniya ta sa shi cikin waɗanda suka kusa shiga haɗarin ƙarewa. Babban tsuntsu in an sare masa daji ya iya yin doguwar tafiya da yunwa. Wanda ba ya jure ko yini guda ba abinci fa, ina za shi?

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, in mun ga ana sare daji kada mu ƙirga itatuwan da suka faɗi kaɗai. Akwai masu rai da yawa da ke ci daga jikinsu, waɗansu kuwa sun yi ƙanƙantar da ko sun ƙare ba wanda zai lura sai daga baya.