Ƙaramar Jif Mai Ja da Ƙafa Huɗu: Daga Ina Ƙarkonta Yake Fitowa?

Gabatarwa

Da wuya ma'aikata su zauna hirar mota su tashi ba a ambaci ƙananan motocin nan da jama'a ke kira jif ba, irin su Toyota RAV4 da Honda CR-V. Malamin makarantar da ya yi shekaru yana tara kuɗi, bukatarsa ita ce motar da za ta kai shi aiki kullum, ta kai iyali ƙauye da damina, ba tare da ta mai da garejin bakanike gidanta na biyu ba. Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar mota tana ja da ƙafa huɗu, to ƙarko ya tabbata. Alhali kuwa ja daban, ƙarko daban, kuma rashin bambance su yakan jawo asarar dukiya, wani lokaci har da ta rai.

Asali da ƙira

Kamfanin Toyota ya fitar da RAV4 a Japan a shekarar 1994, Honda ya biyo baya da CR-V a 1995, Subaru kuma ya fito da Forester a 1997. Manufar ita ce a haɗa sauƙin tuƙin ƙaramar mota da tsayin jif.

Ɗalibin ilimin halittu zai fahimci ƙirarsu cikin sauƙi. Manyan motocin daji irin su Land Cruiser da Hilux suna da shasi na ƙarfe mai kauri wanda aka ɗora bodi a kansa, kamar yadda tsoka ke kan ƙashi a jikin saniya. Ƙaramar jif kuwa ƙirar fara gare ta: ɓawon waje shi ne ƙashin, wato bodin da kansa yake ɗauke da nauyi. Wannan ya sa ba ta da nauyi sosai, amma ba ta jure duka kamar mai shasi, kuma yawancinsu ba su da giyar nan ta musamman mai ja a hankali da ƙarfi. Haka nan ba kowace ce ke ja da ƙafa huɗu ba. Akwai masu ja da tayoyin gaba kaɗai. Mai saye ya leƙa ƙarƙashi: in bai ga farfela, wato doguwar sandar ƙarfe da ta tashi daga gaba zuwa baya ba, to galibi ƙafa biyu ce.

Yadda ja da ƙafa huɗu yake aiki

Abin da ke tura mota gaba shi ne gogayya tsakanin taya da ƙasa. Kowace taya tana da iyakar ƙarfin da za ta iya ɗauka kafin ta sulɓe, kuma iyakar ta dogara ne ga nauyin da ke kanta da kuma irin ƙasar. A kan laka ko rairayi iyakar takan ragu ƙwarai. Idan aka ɗora ƙarfin inji duka a kan taya biyu, sai su yi ta juyi a wuri ɗaya. Idan aka raba shi huɗu, kowace ta sami rabon da ba zai fi ƙarfinta ba, sai motar ta fita.

Sai dai akwai matsala. A kan kwana, tayar waje tana cin nisa fiye da ta ciki, na gaba kuma fiye da na baya. Saboda haka dole a sami na'urar da ke raba juyi, ta ƙyale kowace taya ta yi gudun da ya dace da ita. Mota mai ja da ƙafa biyu guda ɗaya take bukata. Mai ƙafa huɗu tana bukatar ɗaya a gaba, ɗaya a baya, da wata a tsakiya mai sasanta su. RAV4 ta farko tana ja da tayoyi huɗun a kowane lokaci. CR-V kuwa da na gaba take tafiya, sai sun fara sulɓi sannan na baya su kama. Ko ta wace hanya, an sami ƙarin sassa, ƙarin mai na musamman da ake canzawa, da ɗan ƙarin shan fetur.

Abin da ƙafa huɗu ba ta yi

Kowace mota, mai ja da biyu ko da huɗu, da tayoyi huɗu take taka birki. Don haka jif ba ta fi sauran saurin tsayawa ba. A busasshiyar kwalta ma'aunin gogayya yakan kai kimanin 0.7, a jiƙaƙƙiya kuma ya sauko wajen 0.4. Mota mai gudun kilomita 80 a awa za ta ci kimanin mita 36 kafin ta tsaya a busasshiya, da mita 63 a jiƙaƙƙiya, ban da nisan da ta ci kafin direba ya kai ƙafa ga birki. Idan aka ninka gudu sau biyu, nisan yakan ninku sau huɗu. Haɗarin shi ne, mai ƙafa huɗu ba ta sulɓi wajen tashi, sai direba ya zaci hanya ba santsi, ba zai gane ba sai ya zo tsayawa.

Darasin tayoyi

A nan ne masu irin wannan mota suka fi cutar da ita ba da saninsu ba. A ɗauki tayar RAV4 ta farko, mai lamba 215/70 R16. Tsayinta daga ƙasa zuwa sama milimita 707 ne, kewayenta kuma kimanin mita 2.22, saboda haka tana juyawa kusan sau 450 a kowace kilomita. Sabuwar taya takan zo da zane mai zurfin kimanin milimita 8. Idan milimita 6 ya cinye, tsayin ya ragu da 12, domin ragin ya shafi sama da ƙasa. Kewaye ya koma mita 2.18, juyi kuma kusan 458.

To, idan aka sa sababbi biyu a gaba aka bar tsofaffi a baya, bambancin juyi kusan 8 ne a kowace kilomita, wato fiye da 1,500 a tafiyar kilomita 200. Na'urar tsakiya ba ta san tsufan taya ba. A wurinta wannan sulɓi ne da ba ya ƙarewa. Sai ta yi ta aiki, ta yi zafi, manta ya lalace, daga baya a fara jin ƙugi da karkarwa. Wanda ya tara tayoyin gwanjo huɗu, kowace da girmanta, ya yi tsimin kuɗin taya ne domin ya biya na gyara. Dokar ita ce tayoyi huɗun su zama iri ɗaya, girma ɗaya, ci ɗaya, da iska daidai yadda kamfani ya rubuta, a kuma riƙa sauya musu wuri lokaci-lokaci.

Huhu, jini da gaɓoɓi

Da yawa daga cikin waɗannan motoci sun iso Nijeriya da Nijar ne bayan sun yi aiki a Amurka ko Turai, sai suka tarar da ƙura da zafin da ba su saba ba.

Inji yana numfashi. Kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar kilo 14.7 na iska, wato kimanin lita 9,000 ta iska ga kowace lita ta fetur. Da hunturu, lokacin da iska ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, matatar iska ita ce gashin hancin inji. In ta toshe, ƙarfi ya ragu. In ta yage, ƙura ta shiga ta kankare cikin inji. Ta wannan ƙofar ce kuma ruwa ke shiga idan aka kutsa cikin kwazazzabo mai zurfi, kuma da yake ruwa ba ya matsuwa, nan take ƙarafan inji ke lanƙwashewa.

Kamar yadda jikin ɗan Adam ke riƙe zafinsa a digiri 37, haka inji ya fi lafiya a wajen digiri 90, kuma wata 'yar na'ura da ake kira tamostat ce ke tsare wannan ma'auni. Al'adar cire ta da sunan "ƙasarmu da zafi" kuskure ce, domin injin da bai yi ɗumi ba ya fi shan mai da saurin ci. Ruwan rijiya a lagireto kuma yakan bar tsatsa da ɓawo irin na gindin tukunya, su toshe hanyoyin ruwa.

Sai gaɓoɓin da ke kai juyi ga tayoyi, waɗanda ke cike da giris a cikin rigar roba, tamkar ruwan gwiwa a ƙarƙashin fata. Ƙaya ko dutse na iya yaga rigar, giris ya zube, yashi ya shiga. Alamar ita ce ƙas-ƙas a kan kwana. Mai ƙafa huɗu tana da irin waɗannan gaɓoɓi gaba da baya, dubawarta kuwa sau biyu ce.

Kammalawa

Ja da ƙafa huɗu amfani ne na gaske ga wanda hanyarsa ke da laka, rairayi ko hawa. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce kwalta ba, mai ja da gaba ta wadatar da shi, da ƙarancin ɗawainiya. Ƙarko kuwa yana fitowa ne daga tayoyi masu daidaito, matata mai tsabta, mai a kan kari, da direban da ya san iyakar motarsa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Aikin aji

1. A auna kewayen sabuwar tayar keke da na tsohuwa da zare, a lissafa juyin kowace a kilomita ɗaya.
2. Idan mota ta ci mita 36 kafin ta tsaya a gudun kilomita 80, mita nawa za ta ci a gudun 40?
3. Tafin raƙumi yana da faɗi. Me ya sa direbobi ke rage wa taya iska kafin shiga rairayi, kuma me ya sa dole a mayar da ita in an hau kwalta?